Tankin da Ke Rataye a Ƙusa

Talata, bayan la'asar

Shekarun baya, lokacin ina gadin ƙofar gona, wani direban motar tumatir ya taɓa ba ni labari yana jiran a gama masa lodi. Wai akwai maganin feshin da yake kayar da mutum, sannan ya sake shi. Mutum ya tashi, ya ci abinci, ya yi dariya, har ya tambayi ina takalminsa. Bayan kwana biyu ko uku sai maganin ya komo, kamar baƙon da ya manta hularsa, ya ɗauki abinsa ya fita. Na ce masa, "Direba, kakata ta fi ka iya shirya labari. Ita dodonta sau ɗaya yake zuwa gida." Ya yi dariya, na buɗe masa ƙofa ya wuce. Daga baya na sake jin labarin a wasu bakunan. Kullum a wata gona ce mai nisa, kullum wani ne ya gaya wa wani.

Yau a bencin asibiti nake rubutu, littafin a kan gwiwa.

Jiya ɗana ya faɗi a cikin tumatir. 'Yan gona Usur suke ce masa, har ni ma bakina ya saba. Idan bakin feshi ya toshe, mai feshi yakan kwance shi ya sa a baki ya busa. Haka muka tarar ana yi, haka na yi shekara da shekaru kafin ciwon gwiwa ya mayar da ni bakin ƙofa, ga ni kuwa da raina. To shi idan ya busa, abin ƙara yake yi kamar usur ɗin alƙalin ƙwallo, kuma nan take yake buɗewa. Duk wanda nasa ya toshe, shi yake miƙa wa.

Bana tsutsa ta shiga tumatir ba sallama. Mai gona ya aiko da sabon magani mai warin tafarnuwa da kananzir a haɗe, aka ce a dama shi da kauri. Mai kauri kuwa toshewa yake yi. Gwanki, abokin ɗana tun suna yara, shi ya gaya mini yadda aka yi. Tun safe Usur yake busa na mutane, har ya gaji da kwancewa, ya koma busawa a jikin sandar feshin. Ɗaya daga ciki da sauran iska a tiyo. Yana buɗewa ya feso masa cikin baki. Ya tofar, ya kuskure baki, ya shanye gwangwanin madara kamar yadda kowa yake yi. Ya ce shayin matarsa ya fi wannan ɗaci. Ya goya tankinsa ya ci gaba.

Kafin rana ta take ya jiƙe da gumi har cikin takalmi. Sai amai. Sai ƙasa.

Da na iso asibiti sai da na duba gadon sau biyu. Yawu yana zuba kamar an buɗe famfo, hawaye yana zuba ba kuka ba. Ɗan baƙin idonsa ya ƙanƙance ya koma kamar kan allura. Naman kumatunsa yana motsi shi kaɗai, ƙirjinsa yana tafasa kamar tukunya. Wata nas mai tabarau ta sa aka yanke rigarsa da almakashi, aka wanke shi kamar jariri, ta ƙulle kayan a leda. Gwanki ya ce mata ai ya sha madara.

Ta ce, "Madara ba ta kashe wannan."

Ya ce, "Anti, mu ita muka sani."

Ta ce, "To yau ka ƙara sani."

Laraba, da azahar

Allura suke ta yi masa, ɗaya na bin ɗaya, sai da yawun ya tsaya. Yanzu ya bushe ƙayau, jikinsa zafi, ido ya buɗe kamar na mujiya. Yana tsinkar tumatir a iska yana zubawa a kwandon da babu. Ya kira likita ɓarawon taki. Ya ce wa matarsa ta kori akuyar da ke tafiya a jikin rufi. Surukata tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Mai Tabarau ta ce wannan haukan na allurar ne, alheri ne, mu gode Allah. Ban taɓa gode wa Allah don ɗana ya haukace ba sai yau.

Alhamis, da hantsi

Ya farka da hankalinsa. Maganarsa ta farko, "Baba, wa ya yanka mini riga?" Ya cinye shinkafar da aka kawo masa, ya leƙa kwanon maƙwabcin gadonsa.

Helma ya zo dubiya. Shi ne shugaban leburorin gonar, kusan sa'ana ne, tare muka fara goyon tanki. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, kai ya kamata a kwantar, ka fi shi kama da mara lafiya." Na ce ni maganin ya ɗanɗana ni tuntuni ya tofar. Bai faɗi wani abu marar kyau ba, ina so in rubuta wannan. Ya ce sannu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce jibi Asabar za a sake zagaye na biyu don tsutsar ba ta mutu duka ba. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Amma kowa a wurin ya san abin da Asabar take nufi. A sito kowane mai feshi yana da ƙusarsa, yana da tankinsa. Mai tanki shi ne mai aikin dindindin. Sauran 'yan tsinka ne, yau akwai gobe babu. Ranar da aka fita zagayen feshi aka bar tanki a kan ƙusa, ya zama na wani. Ba Helma ya kafa dokar ba, ta girme shi. Ni kaina nawa na samu ne ranar da wani ya karye a ƙafa. Usur ya daɗe yana tsinka kafin ya samu ƙusa.

Helma yana fita Usur ya ce a sallame shi.

Likita ya ce a'a, sai an ƙara kwanaki ana dubawa. Mai Tabarau ta ja ni gefe wajen taga. Ta ce, "Baba, wannan maganin yana da komowa. Ku bar mana shi mu ga wuyansa da numfashinsa." Na ce mata Allah ya kiyaye.

A wajen 'yan gona, wanda ya iya ɗaga cikakken bokiti da hannu ɗaya ya warke. Usur ya sauko daga gado, ya je bakin ƙofa inda mai shara ta ajiye nata, ya ɗaga shi har kafaɗa, ko ɗigo bai zuba ba. Marasa lafiya suka yi masa tafi. Ya ce, "Anti, wanda ya fi ni lafiya a ɗakin nan ya ɗaga hannu."

Surukata ta durƙusa kusa da ni, murya ƙasa ƙasa. "Baba, kai kaɗai yake jin maganarka."

Da ƙafarsa ya fito. Kowa ya gani.

Alhamis, da magariba

Yana tsakar gida yana wanke takalmin roba. Yana waƙa.

Juma'a, da safe

Na saba shi yake leƙo ni da safe. Yau ni na leƙa shi. Yana kwance rigingine, ido rabi a rufe.

Ya ce, "Baba, wa ya ɗora mini dutse a goshi?"

Muryar ta hanci take fita. Na ce tashi mana. Ya yunƙura, hannu ya tashi, ƙafa ta motsa, kai ya ƙi barin filo. Ya ce gadon asibiti ne ya sangarta shi. Matarsa ta tallabo ƙeyarsa ta ba shi shayi, shayin ya komo ta hanci.

Ba ta dube ni ba. Ta ajiye kofin ta fita neman Gwanki da gudu, ba takalmi.

Juma'a, bayan la'asar

A motar tumatir muka mayar da shi, kansa a cinyata yana lilo kamar na jinjiri. Kafin mu isa numfashin ya koma gajere, ƙirji ba ya tashi, ciki kaɗai ke ƙoƙari. Leɓensa ya sake launi.

Mai Tabarau ta gan mu tun daga ƙofa. Ta karɓe shi kawai. Da ta yi faɗa da na fi jin daɗi.

Sun zura masa tiyo ta baki har maƙogwaro. Likita ya ce naman da yake jan numfashi ne ya mutu na ɗan lokaci, yakan farfaɗo, amma sai an yi masa numfashin kafin nan, wataƙila mako biyu, wataƙila uku. Injin numfashi biyu ne a asibitin, kowanne da mutum a kai. Sai suka haɗa tiyon da wata jakar roba mai kamar gwanda. Ka matsa, ƙirjinsa ya tashi. Ka saki, ya sauka. Ka daina, shi ke nan.

Ma'aikata ba su da hannun da za su ajiye a kanta dare da rana. Mai Tabarau ta ce, "Kuna da mutane?"

Na ce muna da 'yan gona.

Asabar, da magariba

An yi zagaye na biyu. Gwanki ya gama kunyoyinsa, ya koma sito ya sauke tankin Usur daga ƙusa, ya yi nasa kunyoyin. Helma ya juya baya yana duban sama. Ya ce, "Ni dai na ga tanki ya fita. Ban duba wa yake ƙarƙashinsa ba."

Da yamma suka zo su shida, kai tsaye daga gona. Warinsu ya riga su shiga. Mai Tabarau ta tare ƙofa, ta kora su bakin famfo da sabulu, ta ce duk wanda ya shigo mata da rigar feshi ita za ta yanka masa ita a jiki.

Na farkon da ya karɓi jakar ya kama ta kamar hannun tanki, ya shiga bugawa da sauri da ƙarfi. Ƙirjin ɗana yana tsalle a kan gado. Ta doke masa hannu.

"Ba tsutsa kake kashewa ba. Idan ka ja numfashi, ka matsa a hankali. Idan ka sauke, ka saki. Numfashinka za ku raba kai da shi."

Ya ce, "Anti, hannun ne ya saba."

Ƙattin maza suka zauna layi a benci suna koyon numfashi kamar yau aka haife su. Sun raba dare a tsakaninsu. Ni da surukata mu ne na rana.

Lahadi, da azahar

Hannuna ya kumbura. Ban san numfashi yana da yawa haka ba.

Talata, da hantsi

Yana jinmu sarai. Fatar ido ba ta ɗaguwa sosai, amma yatsu suna aiki. Bugu ɗaya a kan katifa, e. Biyu, a'a.

Don kada barci ya sace ni da jakar a hannu, nakan ba shi labaran kakata, waɗanda na ba shi yana ƙarami. Yau na ɗauko na tsohuwar da ta aiki iska kasuwa ta sayo mata gishiri. Na kai inda iska ta tsaya hira a hanya, sai na ji bugu biyu. Na ce me? Bugu biyu. Ashe na tsallake inda ta kwashe wa mai wanki shanya. Mutum da tiyo a maƙogwaro yana gyara wa ubansa labari. Na ce to kai ka ƙarasa mana, tunda ka iya. Kafaɗarsa ta ɗan girgiza. Ina jin dariya ce.

Daga nan ya dunƙule hannu yana ɗagawa yana saukewa, kamar mai buga tanki. Na ce yana nan, Gwanki yana riƙe maka. Bugu ɗaya.

Surukata tana gaishe ni da safe, tana karɓar jakar idan na gaji, tana miƙo mini ruwa. Bayan wannan babu.

Da ƙafarsa ya fito. Har bokiti ya ɗaga.

Alhamis, da yamma

Wani a bencin waje ya tambaye ni me ya sami ɗana. Na ce ciwon ƙirji.

Asabar, bayan la'asar

Zagaye na uku. Gwanki ya sake goyon tanki biyu. Da ya zo karɓar jakar na ga hannunsa yana rawa, yana ta haɗiyar yawu. Ya ce kai ne kawai yake sara masa. Na jawo shi wajen taga na buɗe idonsa da yatsa kamar yadda na ga ana yi. Ban san me nake nema ba sosai, amma abin da na gani bai yi mini daɗi ba.

Na ce, "Ɗana, ka ajiye tankin nan."

Ya ce, "In na ajiye, Baba, me za ka ce masa idan ya yi maka haka?" Ya dunƙule hannu ya ɗaga ya sauke.

Na ce zan ce yana nan.

Ya ce, "Kai da yake gane ka tsallake shanyar mai wanki?"

Na kai ƙararsa wajen Mai Tabarau. Ta duba shi, ta ce ya huta da feshi na wani lokaci, ya daina busa komai da baki, ya nemi siririyar waya. Ya ce to, Anti. Irin "to" ɗin da ake ce wa manya.

Litinin, da safe

Inji ɗaya ya samu. Na ga an tura gadon mai shi an lulluɓe, na ga 'yan'uwansa a baranda. Na yi musu gaisuwa da bakina, zuciyata kuwa tana murna. Allah ya yafe wa tsoho.

An ɗora Usur a kai. Injin yana yi masa numfashi ba gajiya, ba kumburin hannu. Na zauna hannuwana biyu a cinya, na rasa abin da zan yi da su. Sai na tarar ina matsa gefen rigata ina saki.

Laraba, da azahar

Ya ɗaga gira. Ya buɗe ido duka biyu ya dubi matarsa. Likita ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa ya ce ya tura, ya ce akwai ɗan ƙarfi. Ya ce idan aka ci gaba haka, mako mai zuwa za su gwada rage injin.

Surukata ta ce mini, "Baba, ka ga idonsa?" Wannan ce magana ta farko da ba gaisuwa ba.

Helma ya zo. Ya ce mai gona ya fara tambaya, wai yaya tanki yake fita alhali mai shi yana kwance. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Na ce masa tankin ya san hanya." Ya tsaya jikin gadon ya ce, "Kai, malalaci, tsutsa tana gaishe ka." Bugu biyu. Helma ya ce wannan zagi ne ko? Na ce zagi ne.

Juma'a, da hantsi

Zazzaɓi.

Asabar, da yamma

Abin da suke zuƙowa daga tiyon ya sake launi. Likita ya ce ƙirjin ne ya kamu, wai hakan yakan faru idan tiyo ya daɗe, kuma tun ranar da shayi ya bi ta inda bai kamata ba akwai abin da ya sauka huhu. Sun sauya allura.

Ban tambayi ko an yi zagaye yau ba. Shi ma bai dunƙule hannu ba.

Lahadi, da azahar

Na ba shi labarin tsohuwa da iska. Na tsallake shanyar da gangan. Na dakata. Na koma baya na sake tsallakewa.

Yatsunsa suna nan a kan katifa.

Litinin, da safe

Da ƙafarsa ya fito. Likita da kansa ya ce ko da ya kwana a asibiti ranar, abin zai iya zuwa. Ya ce zai iya. Ban tambaye shi sauran ba.

Talata

Mai Tabarau ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa.

Laraba, da magariba

Mun dawo gida da tabarma, da filo, da kofuna biyu. Shi mun kai shi kusa da kabarin mahaifiyarsa.

'Yan gona ne suka ɗauka. Ba su bari kowa ya sa kafaɗa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Mutane suna ta shigowa. Kowa da abin da ya ji. Wani ya ce ai da ma yana da ciwon zuciya. Wata ta ce jifa ne, don an ga ya samu ƙusa. Wani dattijo ya ce madarar gwangwani ce ba ta da ƙarfi, da ta shanu ce da ba haka ba. Ina cewa Allah ya ba da lada. Ni da ba a taɓa zama da ni aka tashi ba labari, yanzu kalma biyar ce a bakina.

Mai gona ya aiko da buhun shinkafa da gaisuwa.

Lahadi, da safe

Takalminsa na gida yana bakin ƙofa. Kowa yana kewaye shi.

Talata, da yamma

Gidan ya watse, saura mu. Surukata ta kawo mini abinci, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin tabarma tana jan zaren mayafinta.

Ta ce, "Baba, in tambaye ka?"

Na ce tambayi.

"Ranar nan, da ka ce masa ya zauna, da ya zauna?"

Na daɗe ina duban kwanon. Na ce, "Ban sani ba, 'yata."

Ta ce, "Ni ma na yi ta juyawa, ban sani ba." Ta tura kwanon gabana. "Ka ci, zai huce."

Na ci.

Alhamis, da azahar

Gwanki ya zo. Ya rame. Ya ce ranar Asabar da ta wuce bai iya ɗaukar biyu ba, nasa ma da ƙyar ya gama. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi sata. Na ce wa za ka riƙe wa kuma? Ya ce shi dai bai so ya ga ƙusar da rigar wani a kai ba.

Ya ce akwai rigar ruwan Usur da kwanonsa a sito, ko ya kawo. Na ce bari, zan je da kaina. Ƙafata tana bukatar hanya.

Asabar, bayan la'asar

Na je gona da hantsi. Tumatir ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ja wur, ba huda ko ɗaya. Tsutsa ta mutu.

Helma ya ba ni kayan a leda, ya rasa tsokanar da zai yi mini, ya ce rana ta yi zafi. Na ce ta yi. Na zauna a inuwar sito in huta kafin in koma.

Wani mutum da ban sani ba ya zo ya tsuguna kusa da ni, magidanci, mai fara'a. Ya sauke tanki yana kwance bakin feshi. Ya gaishe ni da ladabi, ya ɗauka mai sayen tumatir ne. Hira ta kai mu kan magani, sai ya matso.

Ya ce, "Baba, ka ji abin da ake faɗa kuwa? Wai akwai wani mai feshi, maganin nan ya kayar da shi, ya tashi garau, har ya ɗaga buhun taki biyu a gaban likita. Ya koma gida ya yi ƙwallo da yamma. Bayan mako guda wai maganin ya dawo ya ɗauke shi."

Na ce a ina aka yi haka?

Ya ce, "Wasu sun ce nan, wasu sun ce wata gona can gaba. Ka san mutane. Magani ya sake ka kuma ya dawo, sai ka ce mai bin bashi? Ni dai ina jin don a tsorata sababbi ne."

Ya ɗaga bakin feshin yana leƙa rana ta cikinsa. A toshe yake. Ya goge shi a gwiwar wando, ya nufi baki da shi.

Na ce, "Bokiti ne ya ɗaga, ba buhu ba. Kuma bai yi ƙwallo ba, takalmi ya wanke."

Hannunsa ya tsaya a hanya. Ya ce, "Kai ma ka ji ke nan?"

Na ce, "Ɗana ne."

Ya cire hula. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Baba. Wallahi ban sani ba. Ka yafe mini bakina." Na ce ba komai. Na tsinke 'yar waya daga jikin shinge na miƙa masa, na ce da wannan ake yi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya soka, ya juya, ya sake sokawa, abin bai buɗe ba. Can cikin kunyoyi Helma yana kiran a yi sauri, rana tana yi.

Mutumin kirki ne, ya san girman manya. Bai busa a gabana ba. Ya sa abin a aljihu, ya goya tanki, ya yi mini sallama, ya zagaya bayan sito.

Ina zaune Gwanki ya fito shan ruwa. Na ce wane ne wancan? Ya sha ruwan, ya wanke fuska, ya sake sha, sannan ya gaya mini.

Kakata idan ta gama labari takan faɗi a bakin wa ta ji, don kada a ce ita ta ƙirƙira. To ni na fara jin wannan a bakin direban motar tumatir. Na ji a bakin Mai Tabarau, a tsaye wajen taga. Wanda ya ba ni shi na ƙarshe, Helma ya ɗauke shi aiki ranar Litinin, yana da mata da 'ya'ya uku. Shi aka ba tankin ɗana.